Sunan Uwar Khudadad

Tun da hantsi Nawroz yake tsaye a bayan babbar mota yana kiran sunaye, har muryarsa ta fara dashewa. Duk wanda aka kira sai ya fito daga layi, ya dangwala yatsa a takarda, a sauke masa buhun alkama biyu da galan ɗin mai da ƙullin gishiri. Wannan shi ne rabon ƙarshe na shekara. Dusar ƙanƙara ta riga ta rufe kawunan duwatsu, direba kuma ya rantse in la'asar ta same su a ƙauyen Siyasang sai dai su kwana a mashigin dutse. Da zarar sun sauka, wata huɗu babu motar da za ta ƙara hawowa ƙauyen.

"Uwar Khudadad!"

Mata biyu suka miƙe daga gindin bangon masallaci, inda matan da mazansu suka mutu suke tsugune nesa da layin maza. Ɗaya tsohuwa ce mai dogara sanda. Ɗayar doguwa ce, ta rufe fuska da gefen mayafi, tana riƙe da jaririya a kwiɓi.

Nawroz ya duba takardar. Layi ɗaya ne, shekara sittin. Ya juya shafi, ya koma baya, ya bi da yatsa daga sama har ƙasa. Babu wata Uwar Khudadad ta biyu.

Amma ya san su biyu ne. Shi ya rubuta su da hannunsa a lokacin kaka, a wannan ƙofar masallacin. Tsohuwar ɗanta Khudadad ya tafi Iran neman aiki shekara shida ke nan, ko wasiƙa babu. Doguwar kuwa mijinta ya taka nakiya a bayan tumakinsa, ya bar mata 'ya'ya huɗu, babbansu shi ma Khudadad. Ran nan da ya tambayi sunayensu, maza ne suka amsa, kamar kullum. Suka ce Uwar Khudadad, shi kuma ya rubuta. Gurbin sunan uba ya bar shi fari. Bai sake tambaya ba, don a nan lardin Ghor ba a tambayar sunan mace a gaban mutane, shi ma ɗan Ghor ne.

Aka ba tsohuwar nata. Doguwar ta tsaya jim, sannan ta koma ta tsugunna.

Nawroz ya miƙa wa direba takardar ya ci gaba da kira, shi kuma ya diro ya nufi farar motar ƙungiyar agajin. Injiniya Wahid, shugaban tafiyar, yana ciki gilashi a rufe, injin yana aiki don ɗumi, yana tsiyayar shayi daga fulas. Bai taɓa gina ko kwalbati ba, amma duk mai riƙe da babban fayil a ƙasar nan Injiniya ne.

"Injiniya sahib, ranka ya daɗe, an goge mace ɗaya."

"Ba a goge kowa ba. Rufe ƙofa, sanyi yana shigowa." Ya kurɓi shayi. "Ofishin Kabul ya cire maimaici ne. Suna ɗaya, ƙauye ɗaya, babu sunan uba. Na'ura ta ce mutum ɗaya ne ya yi rajista sau biyu."

"Ga su can su biyu, ka leƙa ka gani. Ɗaya ma ta isa ta haifi ɗayar."

"Ni na ga biyu, kai ka ga biyu. Masu ba da taimakon ba sa nan, takarda suke gani." Ya juyo ya dube shi. "Wa ya rubuta su haka?"

Nawroz ya kawar da ido.

"To," in ji Injiniya.

"Akwai buhu shida na rara a mota."

"Na gaggawa ne. A hannun Arbab mai gari ake barinsu, ka sani."

Ya sani. Ya kuma san na bara a tukunyar bikin ɗan Arbab suka ƙare, duk kwarin nan an ci an yaba karamcinsa.

"Wace gaggawa ce ta wuce 'ya'ya huɗu da wata huɗu na ƙanƙara?"

Injiniya ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka hana hutawa, ya zaro jar takarda daga fayil. "Ga fom ɗin gyara. Sunan yanka, ba uwar wane ba, an hana wannan yanzu. Sunan ubanta. Shaidu biyu daga ƙauyen, ɗaya dole Arbab. Ka kawo mini a cike kafin a ɗaure tamfal, in ba ta buhu biyu. In ba haka ba, Nawroz jan, ɗan'uwana, wallahi ba ni da abin yi. Ni ma ina da na sama da ni."

Kowa yana da na sama da shi. Shekara uku Nawroz yana wannan aiki, bai taɓa haɗuwa da wanda ba shi da na sama ba. Yunwa ce kaɗai ba ta jiran sa hannun kowa.

Arbab Sultan Murad, mai garin, yana zaune kan darduma a inda rana ke bugawa, rawaninsa fari tas, carbi yana yawo a hannunsa. Nawroz ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa bayani ƙasa-ƙasa.

"Arbab sahib, abu ne mai sauƙi. Mu rubuta kowane suna, Maryam ko Zahra, ka dangwala. Babu wanda aka ci wa mutunci, yara su ci gurasa."

Arbab ya tsayar da carbi. "A'uzu billahi. In sa yatsana a kan ƙarya? A ƙofar masallaci? Haka aka koya muku a jami'ar Herat?"

"To ka faɗa mini na gaskiyar."

"Ina ni ina sanin sunan matar wani? Ka ɗauke ni ɗan iska ne?" Ya ɗaga murya don na kusa su ji. "Ku bar buhunan a wurina kamar yadda aka saba. Ni uban marayu ne. Duk wanda ya ji yunwa ya san ƙofata."

Dattijan da ke gefensa suka gyaɗa kai. Sun san ƙofar kuwa, sun san karen da ke ɗaure a bakinta.

Nawroz ya miƙe. Ya tambayi wanda ke da iko da gidan doguwar matar, aka nuna masa Ghulam Sakhi, ƙanin marigayin, yana ɗaure buhunansa biyu a kan jaki. Siririn mutum ne, kuncinsa ya faɗa, takalminsa na tayar mota.

"Yaya, taimako nake nema. Matar yayanka ta faɗo daga takarda. Sunanta kawai nake so, da na mahaifinta."

Ghulam Sakhi ya saki igiya. "Me ka ce?"

"Sunanta. In rubuta a nan."

"Ka rubuta, a kai Kabul, kowane ɗan iska mai gilashin ido ya karanta? A riƙa kiransa daga saman mota kamar ana gwanjon akuya?" Ya juya ga layi. "Jama'a kun ji? Sunan matar yayana yake so!"

Layin ya watse, aka kewaye su.

"Ba don kaina nake so ba. Buhu biyu ne da mai. In motar nan ta tafi, shi ke nan sai bazara."

"Ni zan ci da su."

"Da me? Bakinka tara a gida, na rubuta da hannuna. Buhu biyun nan ba za su kai ku tsakiyar sanyi ba, ka ƙara mutum biyar?"

"Allah ne mai ciyarwa."

"Allah ya turo alkama har ƙofar masallacinku, kai ka tsaya a gabanta!" Muryar Nawroz ta tashi ba da saninsa ba. "Bara yara nawa kuka binne a ƙauyen nan kafin ƙanƙara ta narke? Bakwai! Na ga kaburburan, ko tsawon hannuna ba su kai ba. Babu wanda ya ji kunya ran nan. Amma suna, kalma ɗaya, shi ne zai zubar muku da mutunci?"

Ghulam Sakhi ya matso har Nawroz yana jin warin taba a bakinsa. Bai yi ihu ba, murmushi ma ya yi.

"To, malamin Herat. Tunda kalma ɗaya ce, fara. Menene sunan uwarka?"

Wani ya tuntsire da dariya a baya.

"Faɗa mana. Ga mu duka muna ji. Ka faɗi na uwarka, in faɗi na matar yayana."

Nawroz ya buɗe baki. Sunan yana nan a kan harshensa, gajere ne, ya san shi kamar nasa. Ya dubi fuskokin, samari suna haƙora a waje, dattijai sun kasa kunne. Ya ga yadda sunan zai gangara kwari, ya isa kasuwa, ya isa kunnen mahaifinsa da yayyensa. Shekara huɗu a jami'a, taron bita sama da goma a kan haƙƙin mata, har da takardar shaida mai hatimin zinariya a bangon ɗakinsa, amma harshen ya ƙi motsi.

"Kun gani?" in ji Ghulam Sakhi. "Tasa uwar mutum ce. Tamu ce ta banza." Ya koma ga jakinsa, mutane suna dariya suna dukan kafaɗarsa.

Nawroz ya tsaya da jar takarda a hannu. Bai san wa ya fi jin haushi ba, Arbab, ko Injiniya, ko wani a Kabul da ya danna maɓalli ɗaya ya tafi cin abincin rana, ko shi kansa. A bayan mota direba ya kira sunan ƙarshe, leburori suka fara jawo tamfal.

"Kai, ɗan birni."

Muryar mace ce. Ya juya. Doguwar ta taso daga gindin bango, ta tsaya taku biyar daga gare shi, fuskarta a gefe. Ya sunkuyar da kai.

"Na'am, 'yar'uwa."

"Kai ka rubuta ni da kaka?"

"Ni ne."

"Ka tambayi kowa ban da ni."

"Haka ne."

"In an faɗa, buhu biyu ne?"

"Da mai da gishiri. Amma ba ni kaɗai zan ji ba. Sai Arbab ya shaida, da wani mutum ɗaya."

Jaririyar ta yi tari, busasshen tari mai tsawo. Matar ta juya ta miƙa wa tsohuwar ita. "Inna, riƙe mini." Sannan ta gyara mayafi, ta ratsa filin. Maza suka riƙa darewa, ba don girmamawa ba, don dai kada rigarta ta taɓa su. Ta tsaya a gaban dardumar Arbab.

"Koma!" Ghulam Sakhi ya daka tsawa. "Koma wurin mata!"

Ba ta waiwaya ba. Ta yi gyaran murya ta yi magana, har leburorin da ke kan mota suka ji.

"Sunana Sabzagul. 'Yar Mirza Ali ce ni, mai niƙa, daga Pasaband."

Wani dattijo ya ce astagfirullah, ya tofar da yawu gefe. Nawroz ya ɗora takardar a gwiwa yana rubutawa.

Arbab ya ɗaga idonsa sama, ya ƙi dubanta. "Mace ta faɗi wata kalma. Ni ban san ko sunanta ne ba. Yaya zan shaidi abin da ban sani ba?"

"Ka sani, Arbab sahib."

"Ke!"

"Kai ne shaida ranar ɗaurin aurena. Kana zaune dama da liman. Sau uku aka faɗi sunana a kunnenka, sau uku ka ce ka ji. Bayan nan ka ci ragon ubana, har ka ce a naɗe maka cinya ka tafi da ita gida. In ka manta sunan, ba ka manta cinyar ba."

Dariya ta kuɓuce wa wani, ya mai da ita tari. Carbin Arbab ya tsaya cak.

"Ni ma na sani," in ji tsohuwar. Ta taho tana dogara sanda, jaririya a ɗaya hannun. "Ni na karɓi haihuwarta duka huɗu. In naƙuda ta yi tsanani da me kuke so in kira ta? Uwar wane? Sabzagul ce. Kawo abin naka, ɗana, in dangwala."

Injiniya Wahid ya riga ya fito daga mota jin hayaniya, ya leƙo ta kafaɗar Nawroz. "Shaidar mace... ban tabbata Kabul za su karɓa ba."

"Karanta," in ji Nawroz, ya kai masa takardar dab da hanci. "Mutum biyu aka ce. Nuna mini inda aka ce namiji."

Injiniya ya karanta, ya ɗaga kafaɗa.

Tsohuwar ta dangwala. Nawroz ya durƙusa ya miƙa wa Arbab tawada. Arbab ya dubi dattijansa, duk sun sami abin kallo a ƙasa. Rabinsu sun ci ragon nan tare da shi. Ya sa yatsa a tawada, ya danna a takarda da ƙarfi har ta kusa hujewa, ya goge yatsan a jikin darduma.

"Zamani ya lalace," ya ce. "Ku kwashe ku tafi."

Aka sauke buhu biyu daga cikin rarar, da galan da gishiri, aka ajiye a gabanta. Sabzagul ta dangwala nata yatsan.

Ghulam Sakhi ya jawo jakinsa ya tsaya kusa, amma da Arbab yake magana, ba da ita ba. "Ku shaida. Daga yau ba ni ba gidan nan. Jakina ba zai ɗauki kayanta ba. Rufinta in ya cika da ƙanƙara, ta kira 'yan Kabul su share mata. Kada ta aiko ɗiban wuta gidana." Ya ja jakin ya wuce. A gefen rijiya samari biyu sun fara rera sunan ƙasa-ƙasa, suna jan ƙarshensa kamar waƙa.

Sai ga Injiniya ya ciro waya zai ɗauki hoto, yana goge gilashinta da hannun riga. Fuskarsa ta washe.

"Nawroz jan, wannan labari ne. Mace ta tashi ta ƙwaci haƙƙinta albarkacin shirinmu. Ce mata ta tsaya kusa da buhun, ta ɓangaren da tambarin yake. Ta ɗan sassauta mayafin. Masu ba da taimako suna son irin wannan ƙwarai."

Nawroz ya shiga tsakanin wayar da matar.

"Mai da ita aljihu."

"Me?"

"Mu muka goge ta. Ni na rubuta ba daidai ba, Kabul suka share, kai ka zauna a mota kana shan shayi. Ita ta gyara, ka kuma ji da kunnenka abin da gyaran ya jawo mata. Yanzu kana so ka ɗauki fuskarta ma ka aika wa baƙi su rataye a bango su tafa wa kansu? Wallahi in ka danna wayar nan sai na jefa ta rijiya."

"Ka san da wa kake magana?"

"Na sani. Ka rubuta ni a rahoto. Ka rubuta sunana daidai."

Injiniya ya dube shi, ya dubi mutanen da ke kallo, ya mai da wayar aljihu. "Minti goma," ya ce. "In ba ka cikin mota, ka sha sanyi da su."

Filin ya fara watsewa, kowa da jakinsa ko 'ya'yansa maza. Buhu biyu suna zaune a gaban Sabzagul, kowanne kilo hamsin, gidanta kuwa shi ne na ƙarshe a saman tudu. Ta dubi masu jakuna, kowa ya kau da kai. Ta kama kunnen buhu ɗaya ta fara ja a ƙasa.

Nawroz ya cusa jar takardar a ƙirjin rigarsa, ya durƙusa ya saɓa ɗayan a baya. Hanyar duk tsakuwa ce da laka mai daskarewa. Ya kai ƙofa yana haki, ya sauke, ya gangaro da gudu ya karɓi na biyun a tsakiyar hanya. Tsohuwar tana biye a hankali da jaririya, Sabzagul ta ɗauki galan da gishiri. A ƙasa direba ya fara danna hon.

Da ya iso da na biyun ya yi niyyar shigar mata da shi ciki.

"Ajiye nan," ta ce. "Kada ka tsallake ƙofar. Abin da za su faɗa yau ya ishe ni."

Ya ajiye. Ta kwance bakin buhun da haƙori, ta tura hannu har gwiwar hannu, ta ɗebo daga ƙasa ta baza a tafi tana duba ko da tsakuwa ko ƙwaro. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ciza. Daga cikin ɗaki kawuna uku suka leƙo.

"'Yar'uwa, ki yafe mini. Da na tambaye ki tun da kaka..."

"Da ka tambaye ni da kaka, da ban faɗa ba. Lokacin akwai sauran gari a tukunya." Ta mai da alkamar cikin buhu, ta karkaɗe tafinta a ciki don kada ƙwaya ta faɗi. "Kai za ka sauka yau. Ni a nan zan yi sanyin, da su."

Ƙarar hon ta taso daga ƙasa.

"Tafi, suna kiranka." Ta juya ga yaran. "Ku kama nan. A hankali, kada ku yaga."

Su huɗu suka ja buhun farko ya haye dokin ƙofa, suka dawo suka ja na biyu. Tsohuwar ta shige da jaririya, aka turo ƙyaure.

Nawroz ya gangara. A bakin rijiya samarin nan biyu suna nan, da suka hango shi ɗaya ya sake jan sunan da ƙarfi yana dariya. Nawroz ya bar hanyar mota ya nufe su kai tsaye, ya tsaya a gaban mai rerawar har sai da dariyar ta mutu a bakinsa, saurayin ya ɗauki gugansa ya bar wurin. Hon ya sake tashi, dogo, ba ƙaƙƙautawa. Ƙanƙara ta fara sauka ɗaya-ɗaya a kan tamfal.